Ƙarfe Nawa Ya Kamata Matafiyi Ya Isa Filin Jirgin Sama?

Hausawa suna da wata karin magana da ke cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Wurin farko shi ne ɗan wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, watau kuɗi, abin nufi kuwa shi ne mai abin hannu ko ya makara ba ya rasa wurin zama. Maganar tana da gaskiyarta a kasuwa da gidan biki, har ma da tashar mota, inda direba ba ya tashi sai mota ta cika, in kuwa wani babban fasinja ya tsaya sallama da iyali sai ɗan kamasho ya yi ta ba sauran haƙuri. Amma a filin jirgin sama wannan karin magana ba ta ci. Can in aka rufe ƙofa an rufe ke nan, ko da tikitin da ke hannun mutum ya fi na kowa tsada.

Cikin wasiƙun da masu sauraronmu suke aiko mana daga Gana da Kamaru da Chadi, da kuma mazauna Saudiyya da Ingila da Amurka, akan yawaita tambayar ƙarfe nawa ya kamata mutum ya isa filin jirgi, musamman in lokacin Umara ko na zuwa gida ganin dangi ya ƙarato. Amsar da galibin kamfanonin jirage suke bayarwa gajeriya ce: sa'a biyu kafin tashi in tafiyar cikin ƙasa ce, sa'a uku in za a tsallaka zuwa wata ƙasa. Wannan amsa daidai ce, sai dai wanda bai san inda aka samo ta ba zai ɗauke ta tamkar irin gargaɗin da akan yi don a tsorata mutane, ya ce ai sa'a guda ma ta isa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, lokacin da aka rubuta a jikin tikiti lokacin jirgi ne. Na fasinja yana can gabansa da nisa, kuma ƙofofi da dama ne suke rufewa ɗaya bayan ɗaya kafin a kai gare shi.

Bari mu ɗauki misali da jirgin da aka rubuta zai tashi daga Landan ƙarfe 10.00 na dare. Ƙarfe goman nan shi ne lokacin da za a janye jirgin daga inda yake tsaye, an riga an rufe shi, kowa yana zaune ya ɗaura ɗamara. Ƙofar da fasinjoji suke bi su shiga akan rufe ta da minti 15 ko 20 kafin wannan lokaci, watau wajen ƙarfe 9.40. Shiga jirgin kuwa, in babba ne mai ɗaukar mutum ɗari uku ko fiye, akan fara shi tun da sauran kamar minti 45 zuwa sa'a guda. In muka ƙara komawa baya sai mu tarar da teburin da ake awon kaya a ba mutum katin shiga jirgi. Yawancin kamfanoni masu dogon zango suna rufe wannan tebur da sauran minti 60, watau ƙarfe 9.00 daidai. Wanda ya iso ƙarfe 9.05 zai iya hango jirginsa ta taga yana tsaye, amma a lissafin kamfani ya riga ya makara.

To, kafin ƙarfe taran nan da bayansa akwai layuka da dole mutum ya bi. Mu ƙaddara matafiyi ya shigo zauren filin jirgi ƙarfe 7.00. Layin awon kaya ya ci masa minti 40, domin jirgin da zai nufi Afirka ta Yamma kusan kowane fasinja akwati biyu yake jaye da su. Wurin binciken tsaro ya ci minti 30. A ƙasashen da ake buga wa mai fita hatimi a fasfo, a ƙara minti 20 na ma'aikatan shige da fice. Sa'an nan tafiya daga can zuwa ƙofar jirgi, wadda a manyan filaye takan kai minti 15 ko 20, wani lokaci ma sai an hau ɗan jirgin ƙasa, kamar yadda yake a ɓangare na 5 na filin Heathrow da kuma filin Dubai. In aka haɗa duka, mutuminmu zai isa ƙofa wajen ƙarfe 8.50. Abin da ya rage masa kafin a fara kira bai wuce ya yi alwala ya yi salla ya sha ruwa ba. Ga inda sa'a uku take tafiya.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya sa ba za a ɗan dakata wa mutum ɗaya ba, alhali ga shi a cikin fili? Dalilai uku ne manya. Na farko, jirgin sama ba ya tashi sai an lissafa nauyinsa. Bayan an rufe teburin awo, ma'aikata sukan haɗa yawan fasinjoji da nauyin kaya da na mai, su tsara yadda za a rarraba kayan a cikin jirgi don kada gaba ta rinjayi baya, su rubuta takarda su miƙa wa matuƙi ya amince da ita. Ƙara mutum da akwatunansa bayan wannan yana nufin sake lissafi. Na biyu, akwatin da aka auna yana da tasa doguwar tafiya: sai ya bi ta na'urar hangen cikin kaya, a ware shi daga dubban akwatunan wasu jirage, a loda shi a kai shi gindin jirgi. Na uku, a filaye masu cunkoso kowane jirgi yana da lokacin da aka yanka masa. Filin Heathrow titin tashi da sauka biyu kawai gare shi, amma kimanin jirage 1,300 suke amfani da su kowace rana, cikin 2024 kuwa fasinjoji fiye da miliyan 83 suka bi ta filin. Jirgin da ya bari lokacinsa ya wuce sai ya jira a sake samo masa wani, can gaba kuma akwai fasinjojin da za su canja jirgi, su ma su makara saboda mutum guda.

Ba haka abin yake ba tun fil azal. Dattawan da suka yi tafiya a shekarun 1960 za su tuna cewa mutum kan zo da 'yan rakiyarsa har kusa da jirgi, ba wanda zai buɗe masa jaka. Kowane layi da muke bi yau yana da mafari, kuma galibinsu wata masifa ce ta haife su. Cikin Satumba 1970 aka yi fashin jiragen fasinja aka kai uku wani fili a hamadar Jodan, aka sauke mutanen ciki, sa'an nan aka tarwatsa jiragen. Fashin jirage ya yi yawa a waɗannan shekaru, har daga Janairu 1973 Amurka ta wajabta a binciki kowane fasinja da jakar hannunsa kafin ya shiga jirgi, sauran ƙasashe ma suka ɗauki irin wannan hanya.

Daga nan sai masu mugun nufi suka koma kan akwatunan da ake sakawa a ƙarƙashin jirgi. Ran 23 ga Yuni 1985 wani jirgin Air India da ya taso daga Kanada ya tarwatse a kan teku kusa da Ailan, mutum 329 suka halaka. Bam ɗin yana cikin akwatin da wani ya ba da a auna, shi kuwa bai shiga jirgin ba. Ran 21 ga Disamba 1988 jirgin Pan Am ya fashe a kan garin Lockerbie, mutum 270 suka rasu. Ran 19 ga Satumba 1989 kuma jirgin kamfanin UTA na Faransa, wanda ya tashi daga Njamena zai tafi Paris, ya tarwatse a kan hamadar Tenere cikin Jamhuriyar Nijar, duk mutum 170 da ke ciki suka mutu. Saboda irin waɗannan ne aka tsananta ƙa'idar cewa a tafiya tsakanin ƙasashe, in fasinja ya ba da akwati amma bai shiga jirgi ba, sai an nemo akwatin an sauke shi. Wannan ne ya sa ake rufe ƙofa da sauran minti 20: ma'aikata suna bukatar lokacin da za su tono kayan wanda bai bayyana ba. Saboda haka wanda ya ba da kayansa ya tafi yawon kantuna yana cewa ai ba za su tafi da kayana su bar ni ba, ya yi gaskiya ta wani fanni, domin shi da kayan za a bari.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya sa Amurka ta kafa hukuma ta musamman ta binciken matafiya cikin Nuwamba na wannan shekara, bincike ya ƙara tsanani ko'ina a duniya. Wata guda bayan kafa ta wani ya yi yunƙurin ta da bam da ya ɓoye a takalminsa, abin da ya jawo aka shafe shekaru ana sa matafiya tuɓe takalma a filayen Amurka, sai cikin Yuli 2025 aka ɗage wannan tilas. Cikin Agusta 2006 'yan sandan Ingila suka tona wata maƙarƙashiya ta harhaɗa bam da abubuwa masu ruwa, daga nan aka hana shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu. Wasu filaye da suka sami sababbin na'urori sun fara sassautawa, amma da yawa suna nan a kan dokar, don haka mai turare ko man shafawa ko zuma gara ya sa su cikin akwati tun daga gida. Na baya-bayan nan shi ne tsarin da ƙasashen Turai masu iyaka guda suka fara ran 12 ga Oktoba 2025, na ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a wurin shiga da fita. Duk wanda ba fasfon waɗannan ƙasashe yake riƙe da shi ba, ya sa wannan ma cikin lissafinsa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa layin awon kaya yake tafiyar hawainiya a jiragen da mutanenmu suka fi hawa, shi ne duba takardu. Ma'aikaciyar da take jujjuya fasfo tana neman biza tana kare kamfaninta ne daga tara. A Ingila, alal misali, tun 1987 doka ta ɗora wa kamfanin jirgi tara a kan kowane fasinja da ya kawo ba da cikakkun takardu ba. Da fari fam 1,000 ne, cikin 1991 aka ninka ta zuwa fam 2,000, ban da ɗawainiyar mayar da mutumin inda ya fito. Don haka sai an duba biza, da katin zama, da sauran kwanakin fasfo, tun da ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna so ya zama da sauran wata shida aƙalla. Mai zuwa Gana ana iya neman katinsa na rigakafin shawara, maniyyaci kuma na sanƙarau. Yanzu ana iya karɓar katin shiga jirgi ta intanet tun daga gida, yawanci da sauran sa'a 24, kuma yin haka yana rage wahala ƙwarai. Amma wanda tafiyarsa take bukatar biza, sau da yawa sai ya gabatar da fasfonsa ga ma'aikaci duk da haka.

Sa'a uku, ashe, ma'auni ne na matsakaicin matafiyi a matsakaiciyar rana. Akwai waɗanda ya kamata su ƙara a kai. Mai kaya da yawa yana kan gaba. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke yarda wa kowane akwati a kujerun talakawa, kuma ko mutum zai biya, ba a karɓar akwati guda da ya wuce kilo 32. Wanda tsarabarsa ta haura sai ya koma gefe ya buɗe akwati a gaban jama'a ya rage, ko ya tafi wani tebur ya biya kuɗin ƙari ya dawo, duka biyun kuwa suna cin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙaramin sikeli a gida ya raba wannan gardama. Haka nan batirin ajiyar caji na waya ba a yarda a sa shi cikin akwati ba, a jakar hannu yake tafiya. Masu dawowa daga Umara ta Jidda ko Madina su sani hukumomin Saudiyya sun hana cusa ruwan Zamzam cikin akwati. Jarka guda mai lita 5 da aka rufe ta musamman ita ake yarda da ita, akwatin da na'ura ta nuna da ruwa a ciki kuwa sai an buɗe shi.

Mai tafiya da tsoho ko da ƙananan yara shi ma ya ƙara rabin sa'a ko fiye. In ana bukatar keken tura mara lafiya, a sanar da kamfani da sauran kwana biyu, kada a bari sai an zo. Sa'an nan a dubi lokacin shekara: kwanakin da ke gab da Salla, da goman ƙarshe na watan azumi, da tsakiyar Disamba, da farkon hutun makarantu a Turai cikin Yuli, duk lokatai ne da layi kan fita har waje. Alhazai kuwa hukuncinsu dabam ne, su bi lokacin da jami'ansu suka faɗa musu ko da ya yi kama da ya yi wuri ainun, domin ɗaruruwan mutane ake tantancewa a tare.

Akwai kuma masu iya ragewa. Wanda zai yi gajeriyar tafiya cikin ƙasa daga ƙaramin fili, jakar hannu kaɗai gare shi, katin shiga jirgi yana cikin wayarsa, kuma ya san filin kamar tafin hannunsa, sa'a guda da rabi takan ishe shi. Zuwa da wurwuri ma yana da iyaka, domin teburin awo ba a kan buɗe shi ba sai da sauran sa'a uku ko huɗu, wanda ya zo da sauran sa'a shida zaman gadin akwati kawai zai yi. Ana danganta wata magana ga masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Stigler, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel cikin 1982, cewa wanda jirgi bai taɓa barinsa ba to yana ɓata lokaci da yawa a filayen jirage. Maganar tana da ma'ana ga ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin birane biyu inda jirgi ke tashi kowace sa'a, in wannan ya wuce ya hau na gaba. Amma mutumin da ya shekara biyu yana tara kuɗin zuwa gida, jirginsa sau ɗaya yake tashi a rana ko sau uku a mako, lissafinsa ba ɗaya ba ne da na wancan.

Dalili kuwa, hasarar makara ba ta tsaya ga kwana guda ba. Tikiti mai rahusa galibi ba a mayar da kuɗinsa ga wanda bai zo ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙa'idar yawancin kamfanoni, in mutum bai hau jirgin farko ba, sauran zangunan da ke cikin tikitin sukan soke, har da na dawowa. Sai ya sayi sabon tikiti a farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada. Bugu da ƙari, kamfanoni sukan sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgi, suna sa ran wasu ba za su zo ba, in kuwa kowa ya zo, na ƙarshen layi ya fi kusa da a ce masa babu wuri. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 ga wanda aka hana shi kujerarsa haka, amma da sharaɗin ya gabatar da kansa a kan lokacin da kamfani ya sa, in ba a sa lokaci ba to da sauran minti 45 aƙalla. Wanda ya makara ko wannan haƙƙi ba shi da shi.

Saura wasu tarkuna uku da sukan kama har waɗanda suka yi niyyar sammako. Na farko shi ne jirgin tsakar dare. In tikiti ya ce Talata ƙarfe 00.30, to daren Litinin ake zuwa filin jirgi, domin a lissafin agogo Talata tana shiga ne da ƙarfe goma sha biyun dare. Mutane da yawa sun je daren Talata sun tarar jirginsu ya kwana da tafiya. Na biyu shi ne birni mai filaye da yawa. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da wasunsu, Paris tana da Charles de Gaulle da Orly, New York tana da Kennedy da Newark da La Guardia, kuma tsakanin wasunsu yakan fi tafiyar sa'a guda. Ko a fili ɗaya akwai ɓangarori dabam-dabam, a duba lambar ɓangaren a jikin tikiti. Na uku shi ne canjin agogo. A Ingila da sauran Turai ana tura agogo gaba da sa'a guda ran Lahadin ƙarshe ta Maris, a Amurka kuwa Lahadi ta biyu ta Maris. Mai tafiya da safiyar wannan rana ya tabbata agogon da zai tashe shi ya san da labarin.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya ɗauki takarda tun kwana biyu kafin tafiya ya yi lissafi da baya-baya. Ya rubuta lokacin tashin jirgi, ya cire sa'a uku, ko biyu in tafiyar cikin ƙasa ce. Ya ƙara cire rabin sa'a ko sa'a guda in yana cikin waɗanda muka ce su ƙara. Sa'an nan ya cire tsawon hanya daga gida zuwa filin jirgi, kuma ya ƙiyasta ta da cunkoson lokacin da zai fita, gama hanyar da take minti 30 da asuba takan zama sa'a guda da rabi a lokacin tashi daga aiki, ko a Accra ne ko Duwala ko Landan. Abin da ya fito shi ne lokacin da mota za ta bar ƙofar gida, don haka sallama da dangi da karɓar saƙonnin mutane a gama su tun jiya. In 'yan rakiya suka tambayi ƙarfe nawa ne tafiya, wannan lokacin za a faɗa musu. Allah ya kai kowa lafiya, ya sada shi da iyalinsa cikin alheri.